Zanen Azawak da na saya a Wadata

A ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, nan Yamai, na sayi zanen, a hannun wani dattijo da bai taɓa shiga lakol ɗin zane ba. Ya yi shekara da shekaru yana yaron mota a hanyar Tawa zuwa Agadas, daga baya ya koma rubuta allunan masu aski da masu tuwo, a nan hannunsa ya faɗa da burushi.

Yawancin zanen arewa da ake sayarwa a gari don baƙi ake yin su: raƙumi, jar rana, sai itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973, wanda gangar jikinsa ke ajiye a gidan tarihi na Bubu Hama. Nasa daban ne. Bakin rijiya ya zana a wajajen Abalak, a yankin Azawak, cikin hunturu, hazo ya shanye sama har ba ka gane inda ƙasa ta ƙare. Ga karangiya ta bushe, ga tumfafiya, ga aduwa guda da awaki suka cinye ƙasanta iyakar inda bakinsu ke kaiwa. Wannan aduwar ce ta sa na ciro kuɗi, don sai wanda ya zauna a dajin zai lura da ita. Ni ɗan Abalak ne, na san launin nan na toka-toka da rairayi ke yi kafin azahar, kuma ya same shi daidai.

Na ce masa, "Baba, ina mutanen?" Ya ce sun tafi da garke, su ne suka bar sawun da ke gefen hagu. Sai a lokacin na ga sawun.

Jikka 40, wato sefa dubu 40, muka daidaita, ban ga tsada ba. Inda aikin ya gaza shi ne katakon da ya zagaye zanen: ɗanye ne, zafin Afrilu ya lanƙwasa shi, dole na kai wa kafinta ya sake wani. Fentin ma na mai ne irin na ƙofa, ya daɗe yana wari a ɗaki.

Ya nuna min wani na duwatsun Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi tsawo a Nijar take, mita 2,022. Shi kam bai kai nawa ba, daga hoton waya ya kwafe shi, duwatsun sun fito ba nauyi. Wanda zai je, ya roƙe shi ya fito da na Azawak da na tabkin Tabalak, yana jingine su a bayan tebur, kuma ya ce a ba shi ba tare da katakon ba.