GARGAƊI: Ambulan ɗin Lakwaja na 1899 da aka sayar mini naira dubu 850 jabu ne

Jama'a, assalamu alaikum. Yau kwana tara ban yi barcin kirki ba, kuma na ga in na ci gaba da yin shiru don kunya, yaron da ya sayar mini da ambulan ɗin zai ci kuɗin wani kamar yadda ya ci nawa. Naira dubu 850. Dubu 300 kafin alƙalami, dubu 550 ciko, ban da dubu 28 na aike wanda shi ma ni na biya. Dubu 850 a kan ambulan guda ɗaya da wani ya zauna a ɗakinsa ya haɗa da hannunsa.

Kafin wani ya ce ai rashin sani ne, bari in faɗa muku ko ni wane ne. Shekarata 22 ina tara kan sarki da tsofaffin ambulan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a gidan waya ya yi aiki a Zariya har ya yi ritaya, a hannunsa na koyi cewa ba a taɓa kan sarki da yatsa sai da hantsaki. Sau uku ana kawo mini jabu a baya ina mayarwa tun kafin a yi maganar farashi. Ni ba sabon shiga ba ne. Wannan yaro ya yi wata huɗu yana dafa ni kafin ya ci.

Waɗanda ba sa harkar ba za su gane dalilin da zai sa dattijo ya fitar da dubu 850 a kan takarda ba. Kafin 1900 kamfanin Goldie, wato Royal Niger Company, wanda ya samu izinin mulki daga Ingila a 1886, shi ke riƙe da bakin Kwara da Binuwai. Kamfanin bai taɓa buga kan sarki nasa ba. Na Ingila mai hoton Sarauniya Biktoriya ake liƙawa, sai a doka masa hatimin kamfani a tashoshinsa na Akassa ko Burutu, can kudu kusa da teku. Ofishin wasiƙu na Lakwaja sai a 1899 ya fara aiki, kuma ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwajar, mulkin kamfani ya ƙare. 'Yan watanni ke nan kawai. Duk wanda ke tara tarihin gidan wayar Arewa ya san cewa ambulan mai hatimin LOKOJA na 1899 shi ne mafarin littafinsa, shafi na farko. Balle a ce mai rajista ne, da shuɗin layin nan biyu da aka gicciya a gaba da baya, da lambar rajista da aka rubuta da hannu. Ingila ta fara rajistar wasiƙa a 1841 a kan sule ɗaya, zuwa 1878 kuɗin ya sauko kwabo biyu, amma duk da haka wasiƙu masu rajista ba su da yawa in an kwatanta da na gama-gari, don sai mai aika kuɗi ko muhimmiyar takarda ke biyan ƙarin. Fiye da shekara goma ina neman irinsa, ko a hoto sau biyu kacal na taɓa gani.

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar, ya kira ni ta bidiyo. Yana zaune a kan darduma, carbi a wuyan hannu. Ya ɗago ambulan ɗin a cikin leda, ya juya gaba, ya juya baya da sauri, ya ce: "Baba, kai sa'an mahaifina ne, wallahi ba zan cuce ka ba." Haka ya faɗa. Kai sa'an mahaifina ne. Na ce masa, "Yaro, Allah ya yi maka albarka." Ni da bakina na sa masa albarka. Wannan maganar ce ke tashe ni da dare. Da na ce ya tsaya a bayan ambulan ɗin na daƙiƙa goma kawai, da ba mu kai nan ba. Amma idona yana kan hatimin nan mai ruwan hoda da shuɗi a gaba, ba na ganin komai sai shi.

Na tsallake wani abu. Tun a watan azumi muka fara hulɗa, a wani zauren masu tara kan sarki na Facebook. A'a, kafin azumi ne, don na tuna kayan farko sun iso ana saura kwana biyu a ga wata. Kan sarki biyu ne na Arewacin Najeriya, fitowar 1902 mai hoton Sarki Edward, ɗaya da hatimin Zungeru. Dubu 35 na biya, kuma na gaskiya ne, har yanzu suna cikin littafina, duk wanda ya zo zan nuna masa. Daga baya ya aiko mini da wani katin wasiƙa na Legas kyauta, wai ladan zumunci. To ku gaya mini, mutum ya sayar maka da kaya na ƙwarai sau ɗaya, ya yi maka kyauta, yana gaishe ka kowace Juma'a, yana tambayar jikin uwargida da ta yi rashin lafiya, a ina za ka fara zarginsa? Dubu 35 ya zuba a matsayin tsaba, ya kwashi dubu 850.

Kuma ba wai ban yi tambaya ba. Na tambaye shi abin da duk mai hankali zai tambaya: wasiƙar da aka aika Ingila daga Lakwaja, me ya dawo da ita Najeriya? Ai a can ya kamata a same ta. Bai yi ko gezau ba. Ya ce kawunsa ne ya saya a gwanjo a Landan lokacin da yake karatu a can, ya rasu, ana rabon gado, magada ba su san darajarta ba. Na tambayi takardar shaida ta ƙwararru. Ya ce akwai ta Royal Philatelic Society ta Landan, ƙungiyar masana kan sarki, tana cikin takardun marigayi, ana nema, za ta biyo baya. Amsa ce da ke shiga hankali, mutanenmu da yawa sun yi karatu a Ingila sun dawo da kaya. Sai ya ƙara da cewa wani Bature ya taya da dala, amma shi ba ya so abin ya sake ƙetare teku. "Tarihinmu ne Baba, gara ya zauna a hannunka." A daren na tura dubu 300. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, sunan mace ne, ya ce na maiɗakinsa ne don nasa yana da matsala. Na lura da wannan, ban ce ban lura ba. Amma a asusun nan ɗin dai na tura dubu 35 na farko kuma kaya suka zo.

Yadda asiri ya tonu shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ambulan ya iso ranar Talata. Kwana biyu ina murna, har na kira abokai biyu suka zo suka gani. Ranar Alhamis na ɗauki hotonsa gaba da baya na tura wa wani dattijo a Ingila da muka daɗe muna musayar wasiƙa, ɗan ƙungiyar masu nazarin tarihin gidan wayar Afirka ta Yamma ne. Ko awa ɗaya ba a yi ba ya amsa da tambaya guda: wane launi ne kan sarkin sisin kwabon da ke kusurwa? Na duba. Kore ne. Nan take jikina ya mutu. Sisin kwabon Sarauniya Biktoriya na fitowar 1887 ja ne mai ruwan goro, sai a watan Afrilu na 1900 aka mai da shi kore. Hatimin da ke kansa kuwa yana cewa Satumba 1899. Ta yaya za a buga hatimi a kan kan sarkin da ba a ƙirƙira ba sai bayan wata bakwai?

Na san wannan! Wallahi na sani, yana cikin kundin jerin kan sarki na Stanley Gibbons da ke kan teburina, na karanta shi ba sau ɗaya ba. Sai dai idon mai tarawa ya saba ganin sisin kwabo kore, don na Sarki Edward kore ne, na bayansa ma kore, sai ya wuce ta gaban idonka ba ka ji wani abu ba. Abokaina biyu ma da suka zo, ɗayansu ya girme ni a harkar, bai gani ba. Ba ni kaɗai ba ne.

Daga nan komai ya warware. Wasiƙa mai rajista duk hannun da ta bi sai an shaida. Jirgin ruwan Afirka ta Yamma a Liverpool yake sauke buhunan wasiƙu, don haka ya kamata a ga hatimin rajista na can a baya, da na garin da aka kai ta. Bayan nawa ambulan wani ɗan dishi-dishin tabo ne kawai, an kankare wurin har takardar ta yi gashi. Shi ya sa ya juya da sauri a bidiyon. Da na sa madubin ƙara girma a kan hatimin LOKOJA, sai ga shi ɗigo-ɗigo ne ƙanana irin na firinta, ba tawadar da aka danna da hannu ba. Ambulan ɗin kansa tsoho ne na gaske, kan sarkin ma na gaske ne amma irin na arha da ake sayarwa tuli a Ingila, shuɗin layin kuma fensir ne na yanzu. Ya haɗa tsofaffin abubuwa marasa daraja ya ɗora musu sunan Lakwaja. Dubu 850.

Na kira shi a daren. A'a, da farko saƙo na tura, cikin mutunci, na ce yaro akwai matsala, mu yi magana. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Ya amsa da "Baba ina hanya, zan kira." Dubu 550 ɗin ciko kuwa tun ranar Litinin ya karɓe, kafin kaya su iso, don ya ce magada sun matsa masa za a rufe rabon gado. Washegari layinsa a kashe. Ya toshe ni a WhatsApp. Shafinsa na Facebook ya canza suna da hoto, amma shi ne, don shekaranjiya wani ya turo mini hoton wani ambulan wai na Burutu 1898 a kan dardumar nan dai, mai zanen kore da fari. Yana nan yana farauta.

Kuɗin nan daga garatutina ne. Na ware su don kayan ɗakin ƙaramar 'yata da za a aurar bayan babbar salla, na ce zan mayar kafin lokacin. Da na gaya wa uwargida ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ina da komai a ajiye: hirarmu tun daga sallamar farko, rasit uku na banki, dubu 300, dubu 550, dubu 28, muryarsa yana rantsuwa, da hoton ambulan ƙarƙashin madubi. Zan ɗora su duka a nan. Lauya ya ce in dakata da sunan da lambar asusun har a shigar da ƙara, shi ya sa ba ku gan su ba, ba don ina rufa masa asiri ba. Masu cewa in bar shi da Allah, na bar shi da Allah, kuma zan kai shi gaban hukuma.

Ku kuma, kada ku biya sai kaya na hannunku da takardar shaida da kuka tabbatar da lambarta. Ku duba bayan ambulan. Ku duba shekarar da kan sarki ya fito. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku fasa.

Duk wanda aka yi wa tallan ambulan ɗin Burutu, ko wani mai hatimin Akassa, ko aka ba shi labarin kawu da rabon gado, ya yi mini magana ta akwatin sirri yau ɗin nan. Ranar Litinin da safe za mu shigar da takardar ƙara, kuma lauya ya ce in mun kai mutum uku maganar za ta fi nauyi.