Tiransfa, kati, ko a aiki mutum? Yadda nake biyan kuɗin kayan onlayin yanzu

Tun abinda ya same ni a kan lefen ƙanina ƙawaye ke ta tambayata wai yanzu ta ina nake biyan kuɗi in na ga kaya a waya, toh bari in faɗa sau ɗaya kowa ta ji. Hanyoyin huɗu ne: tiransfa kai tsaye, biya da kati, biya sai kaya sun iso, ko ki aiki mutum ya je ya gani da idonsa. Ni ta ƙarshen nake bi kuma ba zan ɓoye ba, sauran duk ina kallonsu ne da ido ɗaya.

Ga dalili. Ina Gusau, akwai shagon da na taɓa shiga da ƙafata har sau biyu a Kantin Kwari, sai na ci karo da shafinsu, allon shagon ne, hotunan lesukansu ne, har bidiyon yaron shagon da na sani yana warware shadda. Ashe sojan gona ne, ɗigo ɗaya kawai aka ƙara a tsakiyar sunan. Kuma ba su karya farashi irin wanda zai sa ki tsargu ba, ɗan sauƙi kaɗan suka yi, daidai wanda zai sa ki ce Allah ya kashe ya ba ki. Da na saka lambar akawun sai wani suna daban ya fito, na yi magana aka ce “Hajiya na Alhaji netwok ya riƙe, wannan na yaronmu ne, ki saka kawai.” Na saka 185,000. Aka turo min hoton gana-mas-go da sunana a jiki an rubuta da maka, aka ce tana tasha, ga lambar direba, shi ma direban ya ce sai na tura 6,000 kuɗin mota. Na tura. Zuwa magariba duk su biyun sun yi bulokin ɗina. Da na lalubo lambar shagon na gaskiya a jikin tsohuwar ledarsu, mai shagon salati kawai ya yi ya ce wallahi Hajiya ba ke ce ta farko ba.

Toh tiransfa kenan. Ta fi komai sauri, ta kuma fi komai rashin dawowa. Abinda mutane ba su gane ba, in ke da hannunki kika saka fin kika tura, banki ba zai ɗebo kuɗi daga akawun wani ya maido miki don kin yi kuka ba, sai dai mai akawun ya yarda ko a zo da umarnin kotu. Iyakar abinda ake samu in kin yi sauri, bankinki ya sanar da wancan a kulle akawun kafin a kwashe, su kuwa waɗannan mutanen ba sa barin kuɗi ya kwana. Kar ki ce ai akwai BVN da NIN za a kama shi. BVN tun 2014 ake da ita, a ƙarshen 2023 kuma babban bankin ƙasa CBN ya ce ko ƙananan akawun sai an haɗa su da BVN ko NIN, har a 2024 aka dakatar da su OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda daga buɗe sabbin akawun na wasu makonni a kan tantance kwastomomi, amma duk da haka sau da yawa sunan da kika gani na wani bawan Allah ne da aka karɓi NIN ɗinsa da sunan tallafi, shi bai ma san yana da akawun ɗin ba.

Kati ya fi tiransfa a wuri ɗaya, in a manhaja ko shafin saida kaya na gaske kika biya kuma kaya bai zo ba kina iya shigar da ƙorafi a banki a bi miki kuɗin ta hanyar kamfanin katin. Amma wace mai saida atamfa a WhatsApp ce ke karɓar kati? In kuma wajen mai POS kika je ya tura mata, wannan tiransfa ce ba wani abu ba.

Biya sai kaya sun iso, irin na Jumia, ba laifi, sai dai ba a kowane kaya ko kowane gari ake bayarwa ba, kuma ba a can ake haɗa lefe ba. Jiji kuwa allon talla ne kawai ba ya riƙe wa kowa kuɗi, su kansu cewa suke kar a biya kafin a ga kaya.

Ni dai wakili. Ɗan yayar mamana yana Kano, in na ga kaya sai in tura masa hoto da adireshin shagon, ya shiga kasuwa ya nemo layin, ya kira ni bidiyo kol yana tsaye a cikin shagon, a warware min yadin in gani, ya shafa ya gaya min ko mai kauri ne ko irin wanda ana wankewa ya zama tsumma. Sai na ce na yarda sannan kuɗi ke fita, kuma a gabansa mai shago zai ce alat ya shigo, ya karɓi kaya a hannu ya kai tasha da kansa ya ba ni lambar direban da ya gani ido da ido. Ina ba shi kuɗin adaidaita da ɗan tukuici, wani lokacin ma ragin da yake samo min ya fi abinda na ba shi, don ciniki a baki daban yake da ciniki a cat. Aibinta ɗaya, jinkiri, sai ranar da ya samu sarari, kuma dole ya zama naki ne na jini ko wanda in ya ci amana kin san ƙofar gidansu. Daɗinta kuwa, tana tona asirin macuci tun kafin a je ko'ina. Ki ce wa mai kaya “zan turo ƙanina ya gani ya biya” ki ji amsa. Mai gaskiya zai ce bismillah ga layinmu. Ɗan damfara nan take zai fara, wai suna sito ne, wai yau ba su fito ba, wai saura guda biyu wata ma ta yi magana sai dai ki ba da kafin alƙalami.

In ba ki da kowa a garin, aƙalla ki yi bincike. Instagram na nuna watan da aka buɗe shafi da ko an taɓa canja masa suna, Facebook ma haka, shagon da ya ce shekara goma yana kasuwa amma shafinsa wata uku, kin ga ruwa ba ya tsami banza. Shuɗin maki yanzu da kuɗi ake samunsa. Takardar rajistar kasuwanci ta CAC kina iya duba sunan kyauta a shafinsu, amma ɓarawo ma yana iya ɗauko ta wani ya turo miki, don haka sunan akawun ne alƙali, in bai yi daidai da na shagon ko mai shagon ba ki tsaya. Mabiya dubu ɗari da sikirinshot na “kaya sun iso na gode” duk ana haɗa su.

Abinda ya fi ƙona min rai ma bayan an cuce ni ya zo. Na rubuta ƙorafi a ƙarƙashin shafin bankina, ko minti goma ba a yi ba wani ya shigo min ta inbos da tambarin bankin, ladabi kamar me, ya ce za a maido min kuɗina yanzun nan in karanto masa lambobin da za su shigo wayata. OTP ne fa! Har na karanta biyu maigidan ya fizge wayar. Ba ma'aikacin bankin da zai tambaye ki OTP ko fin ko lambobin bayan kati, ko da ya kira cikakken sunanki. Bayan kwana biyu wani kuma ya kira wai daga EFCC, an kama yaran, in tura 20,000 kuɗin buɗe fayil. EFCC ba ta karɓar kuɗi don a shigar da ƙorafi. Haka masu kwace WhatsApp ɗin mutum su bi 'yan uwansa da “dan Allah ranta min zuwa gobe”, in kin ga irin wannan ki kira lambar ki ji murya tukunna, naki WhatsApp ɗin kuma ki saka masa fin na biyu.

Wacce abin ya riga ya faɗa mata, ki je banki da ƙafarki a ranar, ki rubuta ƙorafi ki karɓi lambar ƙorafin, kar ki goge cat ko risit, ki kai rahoto wajen 'yan sanda don sojan gona a intanet laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015. In banki ya yi sati biyu bai warware ba kina da damar kai maganar sashen kare kwastomomi na CBN. Ni duk na bi, ko sisi bai dawo ba, lefen ma akwati huɗu aka kai maimakon biyar. Shafin kuwa rannan na leƙa ta wayar ƙawata, yana nan, an canja masa suna yanzu turaren wuta yake saidawa.