Lambun gida da hunturu: buhu ko fangali?

Damina ta ɗauke, sanyi ya fara shigowa, yanzu ne lokacin salak da karas da kabeji. Ni dai gaskiya buhu na fi so, ka samu tsohon buhun siminti ka cika da ƙasa da busasshen kashin awaki ka huda gindinsa, in iska ta taso da ƙura sai ka ja shi jikin katanga abinka. Matsalarsa saurin bushewa, safe da yamma sai ka ba shi ruwa. Fangali kuwa yana riƙe laima sosai musamman in ka lulluɓe shi da ciyawa, karas ma ya fi sakewa a ciki, amma sai mai fili, kuma kaji basa barinsa.