Ramin ayaba ko gangar tacewa?

Hajiya, tsakanin biyun nan da kika tambaya don zubar da ruwan da aka yi wanka da wanki da shi a gidanki, ni dai ramin ayaba gare ni kuma ba ni da niyyar canzawa.

Namu yana can ƙarshen tsakar gida, faɗinsa kamar mita 2, zurfi bai cika mita 1 ba. Ƙasar da aka haƙo ita aka tara a baki aka dasa 'ya'yan ayaba da gwanda a kai, cikin ramin kuma aka cika shi da busasshen ganye da kara da buntun shinkafa, sai bututu mai inci 2 da ya gangaro daga wurin wanka bakinsa ya shige ƙarƙashin ganyen, shi ya sa ba ka ganin ruwa a kwance balle sauro ya samu wurin yin ƙwai. Ba famfo, ba jiran wuta. Da bazara surukata ta zo ta ga ganyen ayaba shar, ta hau faɗa wai muna sayen ruwan 'yan garuwa muna ba bishiya, sai da na nuna mata bututun, yanzu ita ce ke tambaya ko nonon ayabar ya nuna. Aikinsa kawai in ganyen ya ruɓe ya zauna ki ƙara wani, ki kuma sa raga a bakin makwararar saboda gashi da zaren kaya.

Gangar tacewa mai tsakuwa da yashi da gawayi kuwa, eh tana yi, amma kumfa da dauɗa na toshe yashin saman sai an riƙa kwashewa ana wankewa, kuma ruwan in ya wuce kwana ɗaya a ajiye wari yake. Sai dai wanda gidansa duk siminti ne ba wurin haƙa.

Kafin ki kira filamba ki gwada ƙasarki tukuna, a haƙa ɗan rami a cika da ruwa, in har washegari yana nan to laka ce, da damina zai ba ki wahala. In akwai rijiya a gidan a nisanta su, mita 30 in fili ya bari. Ruwan masai da na wankin kashin yara kar su shiga ko kaɗan, sokawe ne wurinsu. Na wanke-wanke ma akwai maiƙo, sai an yi masa ɗan akwatin tare mai a hanya. Ranar da aka sa bilic a wanki a zubar wani wuri, omo ma a rage don gishirinsa na taruwa a ƙasa. Kuma ban da shuka latas ko duk abin da ake ci ɗanye a bakin ramin, bishiya kawai.

Ba ki tambaya ba amma ki yi hattara da masu kaya. Akwai masu ɗauraye gangar da aka zuba sinadari su rantse miki ta man gyaɗa ce, akwai masu nuna bututu mai kauri a shago su aiko da mai laushi wanda rana ɗaya za ta lanƙwasa. Ki matsa shi da hannu a gabansu kafin ki biya, kuɗin aiki kuma kar ki cika sai an zuba bokiti kin ga ruwan ya gangara har rami.

Ki yi ramin kawai Hajiya, 'ya'yan ayaba ma maƙwabta za su ba ki kyauta.