Amouage Interlude Man a zafin Garwa: turare ne na gaske, amma yana son hannu mai sanyi

Mutanenmu da suka tashi da kaskon turaren wuta da humra ba baƙin hayaƙi ba ne, shi ya sa Interlude Man yake saurin shiga ransu. Kamfanin Amouage na ƙasar Oman, wanda aka kafa a 1983, ya fitar da shi a 2012, Pierre Negrin ne ya haɗa shi. Kwalbar shuɗiya ce, murfin kuma an ƙera shi kamar ƙotar wuƙar ado ta Omanawa.

Minti ashirin zuwa talatin na farko su ne masu wuya. Ganyen oregano da yaji ke fara tasowa, ƙamshi mai kaifi kamar na kayan miya, kuma a nan ne masu gwadawa a shago suke mayar da kwalbar. Kuskure ne. Bayan ya lafa sai lubban ya fito, da ƙaro mai zaƙi, da ƙamshin jemammiyar fata, da sandal da itacen ud a ƙasa. Kamar babbar rigar da ta kwana bisa kaskon turare, garwashin ya mutu amma ɗuminsa na nan. Wannan sashen yana da kyau ƙwarai. A fata yakan wuni, a tufa ya kwana biyu ko fiye.

Matsalar tamu zafi ce. A Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa na Kamaru da Njamena ta Cadi ke haura digiri 40, zufa tana ɗaga zaƙin da hayaƙin lokaci guda, sai ya koma ƙauri, ya sa wa mutanen da ke kusa ciwon kai. A bazara fesa ɗaya tak, a ƙirji ƙarƙashin riga, bayan magariba. Da hunturu, ko a sanyin Ngaundere, biyu sun isa, uku iyaka. Fatar hunturu busasshiya ce, tana shanye turare, don haka a fara shafa ɗan basilin marar ƙamshi a wurin.

Ranar Juma'a a fesa awa guda kafin fita, saboda sahu matsattse ne. Hanci yana sabawa da shi cikin ɗan lokaci, mai shi ya ɗauka ya gushe ya ƙara, alhali mutane na jin sa daga nesa. Kada a ƙara. Kada kuma a fesa shi kan kayan da aka riga aka turara, hayaƙi biyu kan haɗu su dagule. Farar shadda a fesa mata ta ciki, daga tazarar taki guda, don turare mai ƙaro yakan bar tabo.

Yana da barasa irin ta turaren fesawa, mai ƙyamar hakan ya sani tun kafin ya biya.

Tsadarsa ba wasa ba ce, jabu kuma sun cika kasuwa. Kwalbar mili 100 da aka yi wa kuɗi ƙasa da sefa dubu ɗari abar tuhuma ce. Jabun yakan buɗe da warin barasa, ya mutu kafin awa biyu. Gara a fara da wanda aka tsiyaya a ƙaramar kwalba, mili 5 ko 10, daga amintaccen mai turare. Mili 10 fesa wajen ɗari ne, zai kai mutum ƙarshen hunturu. A ajiye shi cikin kwalinsa a durowa, ban da mota ko bakin taga, don rana tana ɓata ƙamshin da ke fara tasowa kafin kwalbar ta kai rabi.