Haɗin yashi 80/20 na filin ciyawa: ruwa na wucewa, taki ma na bin sa

Haɗin nan da ake sayarwa a buhu ko a tifa, kashi 80 yashi, kashi 20 ruɓaɓɓen gansakuka da ake kira fit, an yi shi ne don filin da ake tattakawa kullum, kamar na ƙwallo da na golf. Ta nan kam ba shi da laifi. Ko an sheƙa ruwa da safe, da yamma za a buga wasa, ƙasa ba ta danƙare ba, saiwa na shan iska.

Sai dai lambar 80/20 a jikin buhu ba ta faɗin irin yashin. Ƙa'idar hukumar golf ta Amurka, USGA, wadda ta fara fitowa a 1960, ta buƙaci aƙalla kashi 60 na ƙwayoyin su kasance tsakanin milimita 0.25 da 1, yumɓu kada ya haura kashi 3, ruwa kuma ya ratsa milimita 150 ko fiye a awa guda. Ku nemi takardar gwaji wurin mai sayarwa. In babu, ku zuba tafi ɗaya a kwalbar ruwa ku girgiza: yashin kirki zai kwanta nan take, in ruwan ya daɗe da gurɓacewa, laka ta yi yawa. Ku ɗiga masa ruwan khal kuma. Ya yi kumfa? Akwai farar ƙasa ciki, za ta hana ciyawa jan sinadarin ƙarfe, ganye ya yi rawaya.

Shimfiɗa haɗin ake yi, kaurin santimita 30, a kan tsakuwa mai kaurin santimita 10, da bututun magudana a ƙasa. Mai tsumulmular da ya barbaɗa ɗan kaɗan kan yumɓu ya yi asarar kuɗinsa, ruwa zai tsaya a mahaɗar, saiwa ta ruɓe. Haka in daga baya aka rufa da yashin da ya fi na asali laushi.

Babban aibinsa yunwa. Yashi ba ya riƙe sinadaran taki irin su naitirojin da fotashiyam, ban ruwa ɗaya mai yawa sai ya wanke su, don haka taki kaɗan-kaɗan ake ba shi, akai-akai. In kuma aka bari ya bushe ƙarau, wasu wurare sukan ƙi shan ruwa gaba ɗaya, ka ga ɗigon na birgima a kai, sai an fesa maganin jiƙa ƙasa an huda ta da babban cokali mai yatsu na aikin lambu. Wanda ba shi da tabbataccen ruwan ban fili, kada ya saya. A tukunyar fure ma ya yi nauyi, sai dai ga tsirrai masu son bushewa irin su kaktus.