Gadar kankare ko ta ƙarfe a kan kanal ɗin Kadawa?

Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka gina a 1974, yana bin kanal ɗin Kadawa, wato magudanar ruwan noman rani, ya ratsa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano, kuma dole jama'a su tsallaka shi. To, wace gada ta dace?

Ta ƙarfe ba ta ɗaukar lokaci. A ƙera ta a gari, a kawo a ɗora, ba sai an tsayar da ruwan manoma ba. In za a yashe kanal ma, ana iya ɗage ta. Amma tsatsa na cin ta, ga ɓarayin ƙarfe da ke kwance mata madogarai da dare. Shanu kuwa turjewa suke in sun ji ƙarar faranti a ƙarƙashin kofato.

Ta kankare ta fi tsada, kuma zubin ginshiƙi sai an rufe ruwa, abin da mai tumatir a tsakiyar rani ba zai yafe ba. Sai dai in ta tsaya, ta tsaya.

Ni dai kankare na zaɓa, muddin faɗinta zai bar mai babur da kwanduna biyu ya gifta mace mai tulu, a ɗaga ta sama da ruwa don kada ciyawa ta toshe, sannan a samu amincewar Hukumar Kogin Hadejia-Jama'are kafin a haƙa komai.